Dariya a Gidan Makoki

Suleja gari ne na masu kwana. Tun kafin assalatu motoci suke cika a Maje da Kwamba da Madalla, su bi ta gindin Dutsen Zuma, su ratsa Zuba, su je su zube mutane a Abuja: magina, direbobi, masinjoji, masu gadi, malaman asibiti, da duk wani ƙaramin ma'aikacin da albashinsa ba zai kama masa ɗaki a Wuse ko Garki ba. Sai bayan isha'i a dawo da su a gajiye. Garin ma da ƙaura aka kafa shi. Bayan masu jihadi sun ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa, ƙanensa Abu Ja kuma ya kafa gari a 1828 a tsakiyar ƙasar Gbagyi da Koro. Da gwamnatin Murtala ta ƙudura gina sabon babban birni a 1976, sai aka ari sunan Abuja, aron da ba a mayarwa, tsohon garin ya koma amsa sunan sarkinsa Sulaimanu Barau.

Kiristocin Suleja, in ka cire 'yan ƙasa, yawancinsu baƙi ne. Wasu daga Kudancin Kaduna, wasu daga Filato, da Zuru, da Adamawa, da Binuwai, da ƙasar Ibo. Waɗanda suka fito daga Arewa, Hausa ce ke haɗa su ran Lahadi, domin mutumin Bajju ba ya jin yaren Angas, Badakkare ba ya jin Bachama, amma dukansu da Hausa suka yi makarantar Lahadi. Ka tambayi ɗayansu ina ne gida, ba zai ce maka Suleja ba, ko da a nan ya yi aure ya aurar. Gida shi ne Zonkwa, ko Pankshin, ko Numan, inda ake zuwa Kirsimeti da buhun shinkafa a but. Shi ya sa idan aka ce wane ya tafi gida, mai hankali sai ya dubi fuskar mai maganar kafin ya amsa.

An ba ni labarin wani tela da ya dawo daga tafiya a watan Disamba, ya leƙa gidan maƙwabcinsa, wani tsohon soja mutumin wajen Kachiya. Ya tarar da matar a tsakar gida, ya gaishe ta, ya ce, "Mama, ina Baba?" Ta ce, "Baba ya tafi gida." Ya ce, "Ashe? Ko sallama babu! To in kun yi waya, ki ce ya taho mini da citta." Matar nan ta yi kwana da kwanaki hawaye ba su bar idonta ba, amma a nan dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta zauna a kan turmi. Telan ya gane, ya kama baki, ya rasa inda zai sa kansa. Ita ce ta koma lallashinsa.

Tafiya gidan ma biyu ake yi a lokaci guda. Rai ya tafi wurin Ubangiji, gangar jiki kuma sai an kai ta ƙauye. A ajiye gawa a mutuware sati biyu ko uku, 'yan ƙungiyar gari su yi karo-karo, a sayi akwati, a buga fosta, a ɗinka anko, a yi hayar mota. Na san iyalan da suka shekara suna biyan bashin wuni guda. Wani dattijo a ikilisiyarmu ya tara 'ya'yansa tun yana da ƙarfinsa, ya ce kada wanda ya wahalar da shi a kan hanyar nan mai ramuka bayan ya mutu, domin ƙahon ranar tashin matattu ba lasifikar coci ba ne da za a ce ba ya kaiwa Suleja. Suka yi dariya. Da lokacin ya yi kuma suka saka shi a mota, saboda dangin ƙauye ba sa nan aka yi wasan.

Kafin a ɗauki gawa akan yi kwanan zaune a ƙofar gidan da mamaci ya yi haya. A toshe layi da kanofi, a jera kujerun roba, a ta da janareto. Fasto ya buɗe da addu'a, a karanta Zabura, a ja waƙa biyu daga Littafin Waƙoƙi a hankali, kowa kansa a sunkuye. Sai a ce Zumuntar Mata su fito. Su miƙe cikin zane iri ɗaya da ɗankwali iri ɗaya, guda ta zauna ta dasa tulu tsakanin cinyoyinta tana dukan bakinsa da ɗan faifan soso, wata ta ɗauki caki, wata kuge. Kada a manta a garin tukwane muke. Nan Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyon ginin tukwane a farkon shekarun 1950, nan Ladi Kwali ta shiga a 1954, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Tulun Zumunta dai bai taɓa zuwa baje koli a Landan ba, aikinsa biki da makoki, kuma kiɗan da yake yi a wuraren biyu bai bambanta sosai ba. Kafin a kai baiti na uku ƙafafu sun fara motsi a ƙarƙashin kujeru. Kafin na biyar an zagaye tebur.

A wani irin daren nan, na wata tsohuwa da ta haura 80, na ga jikarta ta fito daga ɗaki sanye da zanen kakar da tabaronta, tana dogara sandarta, tana tafiya irin tata, ƙafa ɗaya na jan ɗaya. Ta tsaya gaban fasto ta ɗaga yatsa, da muryar tsohuwar sak, ta ce wa'azin ya yi tsawo, ta bar wake a wuta. Duk wanda ya san marigayiyar ya san ta taɓa faɗin haka a tsakiyar sujada, kuma ba a ɓoye ba. Wurin ya kece. Sai yarinyar ta cire tabarau ta juya wajen hoton da aka jingine a kan tebur ta ce, "Kishiya, kin yi mini wayo. Kin lallaɓa kin riga ni zuwa wurin maigida." Kakanta namiji ya rasu shekaru da yawa kafin nan. Tana faɗin haka muryarta ta karye, ta durƙusa a wurin tana kuka, matan Zumunta suka ɗaga ta, tulu ya ci gaba.

Mai gidan hayar, wani Alhaji, ya zo ta'aziyya yana zaune a gefe. Ya karkato wajen dattijon ikilisiya da ke kusa da shi ya ce, "Baba, ni fa abin nan naku yana ɗaure mini kai. Ga mutuwa, ga rawa." Dattijon ya ce, "Alhaji, ai ta ga jikoki ta ga tattaɓa-kunne. Rakiya muke yi mata." Alhaji ya jinjina kai ya ce, "To, Allah ya ba ku haƙuri." Mamakinsa yana kan hanya. A wurinsu wanda ya cika da safe, kafin la'asar an yi masa wanka, an sa likkafani, an sallace shi, an kai shi makwancinsa, sai zaman makoki a kan tabarma da addu'a. Ko da yake a can ma, in tsoho ne ya tafi, jikoki ba sa rasa abin tsokana.

Ba Alhaji kaɗai abin ke damu ba. A cikin ikilisiya akwai masu ganin wannan sakaci ne, cewa mutuwa wa'azi ce, kuma ba a yi wa wa'azi shewa. Suna da magabata. Yohanna Kirisostom, babban limamin Kustantiniya da ya rasu a 407, ya ja hankalin jama'arsa cewa Linjila ta nuna Yesu yana kuka, amma ba ta taɓa nuna shi yana dariya ba. Benedik na Italiya, a dokokin da ya rubuta wa masu zaman zuhudu a ƙarni na 6, ya sa rashin saurin dariya cikin matakan tawali'u. Ban raina hujjarsu ba, musamman a wannan zamani da wasu masu wa'azi suka mai da bagadi dandalin barkwanci, a tashi sujada kowa na maimaita wasan, ba mai tuna ayar. Inda nake rabuwa da su shi ne wurin da suka mai da shan mur alamar tsoron Allah. Kowa ya san mutumin da ke shiga coci da fuskar shanu, ya haɗe rai har yara su riƙa raɓewa, ran Litinin kuma mudunsa a kasuwa yana da duka a gindi. Yesu da kansa ya gargaɗi masu azumi kada su riƙa cin magani don a san suna yi, ya ce su wanke fuska su shafa mai.

Kalmar tsarki da muke amfani da ita ma ba ta goyi bayan masu shan mur ba. Dokta Walter Miller ya shigo ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, wanda Sarkin Kano Alu ya sallama ba tare da ɓata lokaci ba, daga baya ya zauna a Zariya a 1905. Shi da irin su Dokta Andrew Stirrett na mishan ɗin SIM, wanda ya yi zama a Wushishi, nan cikin Jihar Neja ta yau, tare da Hausawan da suka taya su, su ne suka yi aikin da ya kai ga fitowar cikakken Littafi da Hausa a 1932. Harshen da suka tarar ya riga ya yi ƙarnoni a makarantar allo. Ba su ƙera sababbin kalmomi ba, abin da ke ƙasa suka ɗauka: Allah, Ubangiji, zunubi, tuba, alheri, addu'a, sujada. Da suka zo kan sifar Allah wadda mala'iku ke rufe fuska saboda ita, suka ɗauki tsarki. Ga shi nan a bangon littafin, ga shi a sunan Ruhu, ga shi a sunan da ake kiran masu bi, tsarkaka.

To amma shiga gidan kowane Bahaushe ka ji inda kalmar take kwana. Uwa ce ke ɗaga murya daga bakin murhu, yaro ya fito daga bayan gida da gudu, ta ce, "Kai, ka yi tsarki kuwa?" Kalmar buta ce. Wasu 'yan boko a cikinmu suna jin nauyin wannan, suna ganin an ƙasƙantar da babban abu. Ni gani nake masu fassarar sun yi dace, ko sun sani ko ba su sani ba. Ba wanda ya taɓa fitowa daga makewayi ya tara jama'a ya ce ku zo ku ga yadda na iya tsarki. A ɓoye ake yi, kuma na jiya ba ya yi maka yau. Mai yi kuma ya riga ya amsa cewa yana da abin wankewa. In ka ɗauki zaman tsarki a haka, sai ya sauko daga kan bagadi ya shiga inda ba mai gani: cika mudu, biyan yarinyar aiki a kan lokaci, haɗiye gulmar da ta riga ta hau harshe, gaida maƙwabcin da kuka yi faɗa a kan kwata. Kirista zai ƙara da cewa babban wankin ma ba shi ya yi wa kansa ba, yi masa aka yi. Mutumin da ya riƙe wannan a zuciya da wuya ya ɗauki kansa mala'ika, kuma wanda bai ɗauki kansa mala'ika ba, dariya ba ta yi masa tsada, musamman in a kansa ake yi. Fafaroma Francis, a wasiƙar da ya fitar a 2018 a kan zaman tsarki a duniyar yau, ya lissafa fara'a da iya raha cikin alamominsa.

Sai dai dariya suna ta tara. Bahaushe ya raba raha da ba'a, ya raba zolaya da izgili, kuma ma'aunin shi ne wa ke biyan kuɗin dariyar. Muna da tsari guda na wannan, abokan wasa: Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, taubashi da taubashi, jika da kaka. A garin da har yau ake kiran sarkinsa Sarkin Zazzau, ɗan kasuwar da ya zo daga Kano yana da lasisin faɗa wa dattijo maganar da wani in ya faɗa sai an kai ga hukuma. Abin da ya sa maganar ba ta zafi shi ne amanar da ke ƙarƙashinta. Wasan da jikar nan ta yi wa kakarta daga wannan gidan ya fito, kuma akwai abin da yake faɗi wanda wa'azin daren bai faɗa da kyau haka ba. Ba a tsokanar wanda babu shi. Yarinyar da ta dubi hoto ta ce "kin yi mini wayo" tana magana ne da mutum mai ji, wanda ya canza wurin zama. Ita mutuwar kanta ba abokiyar wasa ba ce, Bulus abokiyar gaba ya kira ta. Amma abokiyar gaba ce da Kirista ya gaskata an kayar da ita ranar Ista, wanda aka kayar kuwa ko yara suna iya yi masa gwalo.

Gwalon nan tsoho ne a ikilisiya. Ana ba da labarin Lorens, dikon a Roma da aka kashe a 258, cewa da aka ɗora shi a kan ƙarfe bisa garwashi, ya ce wa masu gasa shi su juya shi, gefen nan ya nuna. Thomas More, da Sarki Henry na 8 na Ingila ya sa aka fille masa kai a 1535, an ce ya roƙi jami'i ya taimaka masa ya hau dandamalin, saukowa kuwa zai san yadda zai yi. A kudancin Jamus an yi ƙarnoni ana wata al'ada ta safiyar Ista, limami ya sa labarin ban dariya cikin huɗuba har majami'a ta ɗauka, kafin manyan ikilisiya su hana don wasu sun wuce gona da iri.

Sau ɗaya Linjila ta kai mu gidan makoki inda aka yi dariya, kuma ba irin wannan ba ce. A gidan Yayirus ne, 'yarsa mai shekara 12 ta mutu, masu kuka sun cika gida. Yesu ya shigo ya ce barci take yi, sai masu kukan suka koma yi masa ba'a. Dariya ce ta waɗanda suka tabbata mutuwa ta gama magana. Mu Hausawa mukan ce barci ƙanin mutuwa, wato ita ce babba. Yesu sai ya juya lissafin, ya mai da ita barcin da ake tashin mutum daga ciki. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne ƙarshensa: yarinya ta miƙe, iyaye sun daskare don mamaki, shi kuwa ya ce a ba ta abinci.

Akwai mutuwar da ba a fito mata da tulu. Rawa ta tsofaffi ce, waɗanda suka cinye kwanakinsu. Suleja ta san ɗaya irin. A 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe a watan Afrilu, wani ya tashi a wani coci a watan Yuli, sannan ranar 25 ga Disamba, ana fitowa daga Mas na safiyar Kirsimeti a cocin Katolika na St. Theresa da ke Madalla, mota ta fashe a bakin ƙofa. Fiye da mutum 30 suka mutu, wasu iyali guda cikin mota guda, sanye da sababbin kayan Kirsimeti. Boko Haram ta ce ita ta yi. Ranar 31 ga watan Shugaba Jonathan ya zo Madalla, ya kuma sa dokar ta-ɓaci a wasu ƙananan hukumomi, har da Suleja. Daga nan coci-coci suka jera durom cike da siminti a ƙofa, aka hana shiga da manyan jakunkuna, samari suka tsaya da na'ura suna laluben iyayensu. Musulmi da Kirista duk sun sha shingen sojoji. An daɗe kafin wani ya iya sakin fuska a harabar coci. Wasan farko da na ji daga bakin wata tsohuwa ne, ta ɗaga hannuwa ana shafa mata na'ura, ta ce wa saurayin, "Ɗana, ko Bitrus ba zai bincike ni haka ba."

Limamin cocin Madalla a ranar da bam ɗin ya tashi shi ne Fada Isaac Achi. Ya tsira, ya binne mutanensa, ya ci gaba da aiki. Ranar 15 ga Janairu 2023 'yan bindiga suka cinna wa gidansa wuta a Kafin Koro, cikin ƙaramar hukumar Paikoro, ya mutu a ciki. Sunansa da Hausa Ishaku, sunan da ya samo asali daga dariyar Saratu, tsohuwar da ta ji an ce za ta haihu ta yi dariya a bayan labulen tanti, aka tambaye ta ta musa don tsoro. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san dariyar nan, tana cikin Suratu Hudu. Ba a hukunta ta ba, aka ba ta yaron, dariyar ta zama sunansa. Amma a Kafin Koro babu abin dariya, kuma duk wanda ya je wurin makokin irin wannan da murmushin koyarwa ya yi rashin ta ido. Ina jin haushin masu wa'azin da ke tsayawa a kan matar da aka kashe wa miji su ce ta share hawaye, wai kuka rashin bangaskiya ne. Yesu ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru, ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci, duk da haka ya yi kuka har mutane suka lura. Tsarkin da ke hana kuka da wanda ke hana dariya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, dukansu damuwarsu yadda fuska za ta fito a idon jama'a.

Game da lahira kuwa, Littafi bai ba mu taswira ba. Birni, kogi, babban biki, hawayen da za a share, da alkawarin cewa ba dare, ba bukatar fitila. Duk ranar da aka karanta wannan wuri na Ru'ya ta Yohanna a Suleja, amin ɗin da ake amsawa ta fi ta ko'ina ƙarfi, domin rabin majami'ar a duhu suka yi guga. Sauran bayanin mutane ke cikewa da abin da ya ishe su. Can ba mai gidan haya da zai ƙwanƙwasa ƙofa a ƙarshen shekara. Ba cunkoson Zuba. Ba jiran ɗan garuwa. Malaman tauhidi sukan yamutsa fuska, su ce an mai da mulkin sama unguwar masu kuɗi. Ni ban ga laifi ba. Mutum da abin da ya sani yake kwatanta abin da bai gani ba, kuma mai wasan ya san wasa yake yi. Wanda nake tsoro shi ne mai ba da labarin lahira dalla-dalla ba ko murmushi, kamar jiya ya dawo, har da sunayen waɗanda ya gani a wuta.

Irin wannan ne ke zama ba'a ko ba a yi dariya ba. A gari irin namu, inda naman layya ke tsallaka katanga ran Sallah, cincin da shinkafa su tsallako ran Kirsimeti, raba wa maƙwabta kujeru a lahira ba aikin ɗan haya ba ne. Mutum na farko da Yesu ya yi wa alkawarin Firdausi baki da baki ɓarawo ne, a rataye kusa da shi. Wani tsohon mai bishara yakan ce wannan mutumin yana hana shi barci: ba a yi masa baftisma ba, ba shi da katin zakka, bai taɓa share coci ba, bai zauna a kwamiti ko ɗaya ba, kuma in Allah ya sa an shiga, dole a gaishe shi a matsayin wanda ya riga kowa zuwa. Dattawan da ke kujerar gaba sukan yi dariyar da haƙora kawai.

Mata sun fi mu sakin jiki da zancen. An taɓa nazarin Littafi a Zumunta aka zo wurin da Sadukiyawa, waɗanda ba su yarda da tashin matattu ba, suka kawo wa Yesu labarin matar da ta auri 'yan'uwa bakwai ɗaya bayan ɗaya, suna tambaya matar wa za ta zama a can. Don izgili suka yi tambayar, shi kuma ya amsa cewa a can ba a aure ba a aurarwa. Wata amarya da ko shekara ba ta yi a ɗaki ba ta ji abin ya tsaya mata a wuya. Ta juya wajen wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ta ce, "Mama, ke nan a can ba zan zama matarsa ba?" Tsohuwar ta gyara ɗankwali ta ce, "'Yata, ni da na fara jin wurin nan Halleluya na ce. Shekara 46 ina tuƙa wa Baba tuwo, bai taɓa cewa gishiri ya yi daidai ba. In mun haɗu zan gaishe shi, zan tambaye shi gajiya, amma kowa ya nemi kwanonsa." Matar fasto da ke jagorantar nazarin ta buɗe baki za ta gyara tauhidin maganar, dariya ta hana ta.